Littafin Jarura da Darajar Ɗan Kasuwa

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

 Ina yi mana barka da ganin wannan rana. Waɗanda muka rasa a shekarun nan na wahala, Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

An nemi in yi magana a kan bashi, musamman abin da mambobi da yawa ke kuka da shi yanzu. Mutum ya saba ɗaukar kaya a wurin babban ɗan sari a Madani ko Sinnar ko Gadarif, ya yi jinkirin biya sau ɗaya ko sau biyu, ranar da ya koma sai a ce masa rabin abin da ya saba ɗauka kaɗai zai samu. Wani ya yi fushi, wani ya ce an ci masa mutunci. Ina so mu duba yadda abin yake aiki, domin wanda ya san dalilin ciwo ya fi saurin samun magani.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, ba da jakunkunan kuɗi suka iso ba. Haka waɗanda suka tsaya a kan hanyar Makka suka shiga aikin auduga bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Abin da ya mai da ɗan ƙwadago ɗan tireda, ɗan tireda ya zama mai kanti, shi ne wani ya yarda ya ba shi kaya ya tafi, ya dawo da kuɗi ranar da ya ce. A can yamma ma haka ne. A unguwar Sabo ta Ibadan an daɗe ana sayar da shanu bashi, maigida ne ke tsayawa tsakanin bafatake da mahauci, kuma ya san nauyin da kowane mahauci zai iya ɗauka. Wanda ya saɓa alkawari, ba a sake lamunce masa kamar da.

A nan Sudan kowa ya san littafin jarura, wanda mai kanti ke rubuta sukari da mai da garin da gida ya ɗauka zuwa ƙarshen wata. Ba a rubuta iyaka a bangon littafin, amma tana nan a cikin kan mai kanti. Ya san gidan da zai bari shafinsa ya cika, ya san wanda zai ce wa a rage tsohon tukuna. Tsakaninmu da manyan 'yan sari ma jarura ce, girmanta ne kawai ya bambanta.

A Amurka manyan kantuna suna ba abokan cinikinsu katin bashi, kowane kati da iyakarsa. Idan jinkirin biya ya kai kwana 30, ana iya kai sunan mutum ga kamfanonin da ke tara tarihin masu cin bashi, kuma bankin da ya fitar da katin yana iya rage iyakar. A ma'aunin FICO da aka fi amfani da shi can, biya a kan lokaci yana ɗaukar kusan kashi 35 cikin 100 na makin mutum, yawan bashin da ke kansa kuma kusan kashi 30. A wannan kashi na biyu ana duba nawa mutum ya ci daga cikin abin da aka yarje masa, shi ya sa ake ba su shawara kada su wuce kashi 30 cikin 100 na iyakar. Su kwamfuta ke yi musu lissafi, mu kuwa bakin kasuwa ke yi mana, amma tambayoyin biyu ne a ko'ina: yana biya ranar da ya ce? Kuma kullum a maƙure yake, ko yana barin sarari?

Ga inda tarkon yake. A ce ɗan sari ya yarje maka buhu 100 na sukari, ka ɗauki 40. Duk wanda ya duba zai ce kana da sarari. Ka yi jinkiri, ya mai da iyakarka buhu 50. Ba ka ƙara ɗaukar ko ƙwaya ɗaya ba, amma daga kashi 40 ka koma kashi 80, ka zama wanda ya kusa nutsewa. Mai sayar maka da mai ya ji labari a wurin shan shayi, shi ma ya ja hannu. Kantinka ya rage kaya, ciniki ya ragu, kuɗin da za ka biya tsohon bashin da su suka ƙara nisa. Jinkirin mako biyu yakan jawo ƙuncin shekara guda.

Kafin mu zagi ɗan sari, mu shiga rigarsa. A watan Fabrairun 2021 farashin dala a hukumance ya tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya, kuma a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuwa, kowa ya ga yadda fam ke zubewa. Wanda ya ba ka kaya yau, ka biya shi bayan wata uku da adadin da kuka yi, kuɗin ba za su sake sayo masa kayan da ya ba ka ba. Shi ma akwai wanda ke binsa, wataƙila da cek a hannu, kuma sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da cek ɗin da banki ya mayar laifi. Mutane nawa muka sani da suka zauna a kurkuku har sai an biya? Idan ya rage maka, sau da yawa wuyansa yake karewa.

Mu da ke ƙetare iyaka, matsalarmu ta fi ta mai kantin unguwa. An sha rufe hanyar Galabat zuwa Matamma, kaya su kwana makonni a mota. Hanyar Kurmuk da damina sai wanda ya gani. Ka sayar da kuɗin Habasha, ana binka da fam, canji ya motsa tsakanin ranar sayarwa da ranar biya. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke, mai kuɗi a Bankak ya kasa tura ko fam ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata ɗan kasuwar iyaka ya cika ma'auninsa har baki ba.

Don haka ga shawarata ga mai ɗaukar kaya.

Na farko, bar sarari. In an yarje maka 100, tsaya a 30 ko 40 a ranakun yau da kullum, ka ajiye sauran don kakar riɗi ko gabanin azumi, lokacin da kaya ke juyawa da sauri.

Na biyu, in ka hango ba za ka cika alkawari ba, je ka faɗa tun ranar ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo da mako guda a gaba ya ce motata ta maƙale a iyaka, ga kashi ɗaya cikin uku, sauran ranar kaza, ya bambanta da wanda ya kashe waya. Rashin jin ɗuriyarka ya fi jinkirin kansa tsorata mai kaya.

Na uku, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta adadi da rana da irin kuɗin da za a biya da su. In ta Bankak aka biya, mai karɓa ya duba asusunsa da idonsa, kada ya dogara da hoton ish'ari da aka turo masa.

Na huɗu, kada a haƙa rami don cike wani rami. Ɗaukar kaya da tsada a kan cek, a karyar da su da araha don a sami tsabar kuɗin biyan wani, shi ne abin da ake kira kasar, kuma mun ga ƙarshensa a kasuwar Mawasir ta Fashir da ta rushe a 2010 ta cinye dukiyar dubban mutane. Haka manomin cikinmu ya yi hattara da shel. Sayar da dawa ko riɗi tun suna gona a kan farashin yunwa don a rufe jarura, cinye kaka ne tun ba ta zo ba.

Na biyar, raba aljihun gida da na kanti. Biki da suna da gudummawa duk hakki ne, amma kayan da ke kan kanta na mai su ne har ranar da aka biya shi.

Ga ku iyayen gidanmu masu bayar da kaya, ku ma akwai magana. Kuna da ikon rage abin da kuke bayarwa, dukiyarku ce. Amma aya ta 280 a wannan sura ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Wanda aka wawashe kantinsa bayan faɗuwar Madani a Disambar 2023, ko ya gudu daga Sinja a tsakiyar 2024, ko ya bar gidansa a rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, ba ɗaya yake da mai kuɗi a aljihu yana ta gobe, jibi ba. Ku bambanta su. In za ku rage, ku kira mutum gefe ku sanar da shi, kada ya ji a bakin yaron kanti a gaban jama'a. Ku rage a hankali, kuma ku faɗa masa hanyar dawowa: in ya biya sau uku a jere a kan lokaci, za a mayar masa da kaza. Wanda ya san akwai ƙofar dawowa zai yi ƙoƙari, wanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya kuwa sai ya sauya kasuwa, tsohon bashinku ya bi shi.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabanni su duba yiwuwar zaɓen dattawa uku ko biyar da mamba zai iya zuwa wurinsu kafin ranar biya, su zauna da shi da mai kaya a tsara sabon lokaci a rubuce, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Yin haka ya fi araha a kan zuwa ofishin 'yan sanda, kuma yana barin mutum biyu su ci gaba da gaisawa a masallaci.

Da yawa cikinmu jari ya ƙone, an kwashe kaya, motoci sun tafi. Abin da ya rage wanda za a sake gini a kansa shi ne a ce wane in ya faɗi rana, ranar ce. Mu riƙe shi da kyau, mu koya wa yaran da ke tsaron kantunanmu.

Allah Ya biya wa mai bashi bashinsa, Ya mayar wa wanda ya yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya maimaita mana wannan taro cikin kwanciyar hankali.