Ganin Wata da Lissafin Falaki: Iyakar Kowanne

Tsayuwar wata mas'ala ce da addini da kimiyya suke haɗuwa a kanta duk shekara. Shari'a ta rataya azumin Ramadan da Sallah a kan ganin jinjirin wata, idan kuwa hazo ko girgije ya rufe sama sai a cika kwana 30. Ilimin falaki shi kuma ya auna tafiyar watan: daga haihuwarsa zuwa wata haihuwar, matsakaicin lokacin kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa wata ke yin kwana 29 ko 30.

Haihuwar wata daban, ganinsa daban. Ana cewa an haife shi sa'ad da ya ratso tsakanin rana da duniya, a lokacin kuwa gefensa mai duhu ne ke fuskantar mutane. Sai ya yi nisa da rana, ya kuma jinkirta faɗuwa bayanta, kafin ido ya riske shi. A shekarun 1930 masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna cewa jinjirin wata ba ya ganuwa idan tazararsa da rana ta gaza kimanin digiri 7.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna matsayin lissafi. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bambance abu biyu a littafinsa Al-Furuƙ. Lokacin salla an rataya shi ne a kan aukuwar abin kansa, kamar gushewar rana, don haka duk hanyar da ta tabbatar da shi ta wadatar, har da lissafi. Azumi kuwa an rataya shi a kan ganin ido. Imam Subki, Bashafi'en da ya rasu a 1355, ya ƙara wata ƙa'ida: idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaidar wanda ya ce ya gani, domin shaida na iya kuskure ko da mutumin kirki ne. A 1939 Shaikh Ahmad Shakir na Masar ya wuce nan, ya ce lissafi kansa ya isa hujja tunda ilimin ya inganta. Mafi yawan malamai ba su bi shi ba.

Wani taro da aka yi a Istanbul a 1978 ya nemi haɗa ɓangarorin, ya gindaya sharaɗin tazarar digiri 8 tsakanin wata da rana, da tsayin digiri 5 sama da sararin faɗuwar rana. A Nijeriya, Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwar wata bayan Kwamitin Ganin Wata na Ƙasa ya tantance rahotannin da suka zo daga masarautu.

Wannan tarihi ya nuna aikin kowane ɓangare. Kimiyya ke faɗin inda wata yake, da ko ido zai iya riskarsa. Shari'a ke faɗin abin da ibada ta rataya a kansa, da wanda ke da ikon yanke hukunci. Watsi da lissafi kan sa a karɓi shaidar da ba ta yiwuwa, har jama'a su sha ruwa kafin lokaci. Ɗora lissafi a kan kujerar mufti kuma ɗora masa nauyi ne da ba nasa ba. Saboda haka al'umma na bukatar malaman fiƙihu da suka san falaki, da masana falaki da suka san fiƙihu.