Ciwon Bayan Mai Ɗaga Ƙarfe: Wanda Ke Jira da Wanda Ba Ya Jira

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, ɗalibai, da matasan da suka taso daga Tsibiri da Maradun da Bakura da nan cikin Mafara, barkanku da zuwa.

Ƙasar nan ta san ƙarfi tun kaka da kakanni. Ƙasar dambe ce da kokawa, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 ba a raba kafaɗun mutanenmu da buhun shanshara ba. Abin da ya shigo daga baya shi ne ɗaga ƙarfe don gina jiki. Ku leƙa bayan gidaje da la'asar, za ku ga an zuba siminti a gwangwanaye biyu an soka bututun ƙarfe a tsakani, ko an jera tsofaffin giyoyin mota a jikin sanda. Babu wanda ya san ko kilo nawa ne, sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Samari na tsaye suna zuga juna, wanda ya fara jiya yana son ya ɗaga abin da wanda ya shekara biyu yake ɗagawa. Ya duƙa, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, ya fizgo. Sai ya ji wani abu ya tsira masa a kwankwaso. Gobe da asuba ruku'u ya gagara.

Ban zo in hana kowa ɗaga ƙarfe ba. Bayan da ake motsawa ya fi bayan da aka ajiye lafiya. Na zo ne kan abin da ke biyo bayan wannan asubar.

A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa guda 5 da aka ɗora kan juna, su ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. Tsakanin kowane biyu akwai faifai na guringuntsi, mai tauri a baki, mai laushi a ciki, wanda aikinsa irin na gammo ne a kan mai tallar ruwa. Ta bayan faifan nan jijiyoyi ke fitowa su gangara ƙafa. A 1999 wasu masu bincike a Jamus, ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke, sun saka ma'auni cikin faifan bayan wani mutum mai lafiya. Da ya duƙa da baya a lanƙwashe ya ɗauki kilo 20, matsin da ke kan faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya riƙe kayan nan dai a manne da jikinsa, matsin bai kai rabin na farko ba. Kilo 20 fa, bai kai rabin buhun siminti ba.

Duk da haka, mafi yawan masu wannan rauni nama ne ko jijiyar da ke ɗaure ƙashi ta ja, kuma galibinsu suna samun sauƙi sosai cikin mako shida. Wasu kaɗan faifan ne ya tsage, cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya, yawanci a gaɓoɓi biyu na can ƙasa. Shi wannan ciwonsa ba ya tsayawa a baya: yana bin ɗuwawu ya gangara cinya ya wuce gwiwa, wani lokaci har yatsun ƙafa, tari ko atishawa na tayar da shi. A yara masu tasowa kuwa, 'yan shekara 15 ko 16 da ke yawan banƙarewa da nauyi a sama, akan sami tsagewa ƙarama a bayan ƙashin kansa.

To ina mai ciwon nan ke zuwa? Kun fi ni sani. Kemis ne farko. A haɗa masa ƙwayoyi a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba ƙa'ida. In bai ji daɗi ba a ce sanyi ne, ko basir ne ya hau baya, a jiƙa sassaƙe. Daga nan wanzami ya yi ƙaho. Daga nan maɗori. Asibiti shi ne na ƙarshe, bayan kuɗi sun ƙare.

Ina girmama maɗoran ƙasar nan, gado ne, kuma a ƙauyukan da ba likita su jama'a ke da su. Amma baya ba dantse ba ne. Faifan da ya ɓullo ba ya komawa da danna ko taka, yana can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Idan kuwa ƙashin ya tsage, ko ciwo ya cinye shi, takawar nan na iya gama da ƙafafun mutum. Maɗorin da ya ce wa mai ciwon baya “wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti”, shi ne gwani.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya tafi da shi ko da ya manta sauran. Akwai ciwon bayan da ba ya kwana. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba. Idan bayan gida ya kuɓuce. Idan tsakanin cinyoyi da mazauni ya mutu, har mutum ya yi tsarki bai ji ruwan ba. Idan ƙafa na ƙara rauni, takalmi na zamewa, yatsu na jan ƙasa, to jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma da sa'o'i ake lissafi. Na san kunya na hana saurayi faɗin irin wannan, na kuma san halin da hanyoyinmu ke ciki. Duk da haka a kama hanya da rana tun da wuri. Babban asibitin Talata Mafara zai duba ya tura gaba, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi yaudara. Saurayi ya ce ƙarfe ne ya ji masa, alhali ƙarfen ya tona abin da ke ɓoye ne kawai. Ciwon baya da zazzaɓin dare, da gumi, da rama, wanda kwanciya ba ta sassauta shi, a ƙasarmu sai an kore tarin fuka na ƙashin baya. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi tun 1779, ciwon yana nan tare da mu har yau, yana warkewa da magani in an kama shi kafin ƙusumbi ya fito. Mai sikila ma kada ya ɗora wa ƙarfe laifi kafin a duba shi.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ganewar ciwon ba ta buƙatar na'ura. Likita zai tambaya yaya aka ɗaga, ina ciwon ya tsaya, ina ya gangara. Zai sa ka yi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu. Zai kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafarka a miƙe sannu a hankali. Idan ciwon ya harba ƙasan gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, ya san jijiya ce. Zai ƙwanƙwasa gwiwa da agara da 'yar guduma, ya shafa fata ya ji inda ta mutu. Cikin minti goma ya san abin da ya fi muhimmanci.

Amma mutanenmu in ba a yi hoto ba gani suke ba a duba su ba. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna faifai ko jijiya. Mai nuna su shi ne hoton maganaɗisu da ake kira MRI, yana da tsada, kuma sai an je babban birni. Ga kuma abin mamaki. A 1994 an ɗauki irin wannan hoto ga mutum 98 a Amurka waɗanda bayansu bai taɓa damunsu ba, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya kumburo. Wato kana iya sayar da akuyarka ka yi hoto, a nuna maka abin da ba shi ke maka ciwo ba, ka dawo gida da fargaba. Hoton na da ranarsa: idan akwai alamun haɗari, ko ciwon ƙafa ya wuce mako shida bai sassauta ba har ana tunanin tiyata.

Maganin kansa ba shi da kwarjini, shi ya sa ake raina shi. Hutu na kwana ɗaya ko biyu, ba mako biyu a kan tabarma ba. Tun 1986 bincike ya nuna doguwar kwanciya jinkirta komawa aiki kawai take yi. A tashi a riƙa tattaki. A gasa wurin da ruwan ɗumi. Maganin ciwo irin su ibufurofen ko dikulofenak a sha na ɗan lokaci, bayan an ci abinci, bisa umarnin ma'aikacin lafiya, domin suna cin ciki kuma suna taɓa ƙoda, balle ga mai aiki a rana ba ya shan ruwa. Tiramadol kuwa, iyaye, ku sa ido. Yara da yawa da ciwon baya suka fara shi, ciwon ya tafi ƙwayar ta zauna. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a dogara da wannan jinsin magani, haka ma ɗamarar baya da jan ƙashi. Abin da ta ƙarfafa shi ne ilimantar da mai ciwo da motsa jiki bisa tsari, aikin likitocin gashin ƙashi ke nan. Tiyata ta 'yan kaɗan ce, kuma muna da masu yin ta, har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959.

Samari za su tambaye ni, yaushe za mu koma ƙarfe? Idan kana iya ruku'u da sujada da tafiya mai nisa ba ciwo, ka koma da sanda kawai, ba nauyi. Ka koyi durƙusawa da gwiwa da ƙugu, ƙarfen na gogar ƙwauri. Ka ƙara kaɗan-kaɗan duk mako, kada ka fizga, kada ka juya da kaya a hannu. Ku kai gwangwanayen nan wurin mai sikeli a kasuwa ranar Talata, a auna, a rubuta nauyin a jiki.

Roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai: ku tara maɗora da wanzamai da masu kemis na garuruwanku, ku gayyato ma'aikacin lafiya ya karanta musu alamun nan na fitsari da mutuwar ƙafa da zazzaɓin dare, domin su ne mai ciwo ke fara gani.