Daga Canjin Hannu Zuwa Makarantar Koyon Tuƙi

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa taron direbobi da yaran mota da masu koyon tuƙi a garin Bauchi. Mun buga shi duka domin amfanin masu karatunmu.



An nemi in yi muku bayani a kan sauye-sauyen da aka yi wa dokokin hanya a ƙasar nan. Amma kafin in shiga cikinsu, ina roƙon dattawa su yi mini izini in tuna musu da wata rana wadda na tabbata ba su manta da ita ba, domin samarin da ke zaune a baya su ji.

Ran Lahadi, 2 ga watan Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar bin hannun hagu ta koma hannun dama. A lokacin nan Bauchi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, Sarki Adamu Jumba yana bisa gadon sarauta, don kuwa sai a 1976 aka yi Jihar Bauchi. Bin hagu gadon Turawan Ingila ne. To, ga shi maƙwabtanmu duka, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi, dama suke bi irin na Faransa, direban da ya ɗauko kaya daga nan sai ya sake hannu a bakin iyaka. Saliyo ta riga mu canjawa a 1971, Gana kuma ta biyo bayanmu a 1974.

Ina ɗan makaranta sa'an nan, kuma ina tune da irin tsoron da ya kama mutane. Aka ce ranar nan asibiti ba zai ɗauki jama'a ba. Ku duba dai girman abin: mutumin da ya shekara ashirin hannunsa ya saba da gefe guda, an ce masa gobe da safe ya juya. Shataletalen da yake kewayawa ta nan, yanzu ta can zai kewaya shi. Ƙofar da fasinja ke fita ta bakin hanya ta koma tsakiyar titi, dole masu motocin haya suka kai su gareji aka sake mata wuri. Duk da haka abin da ake tsoro bai auku ba. Dalili kuwa shi ne an yi wata da watanni ana faɗakarwa, a rediyo da jarida da majigi da bakin masu unguwanni, cikin harshen da mutane ke ji. Ranar da abin ya zo kowa ya san shi, kowa kuma ya tafi a hankali don yana tsoron kansa.

Na kawo wannan ne saboda canjin da ke gabanmu yau bai kai wancan ƙara ba, amma ya fi shi shiga cikin sana'arku. Wancan ya sake gefen da mota ke bi. Wannan ya sake ƙofar da mutum ke bi ya zama direba.

Dukanmu mun san tsohuwar ƙofar. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi tasha, ya danƙa wa wani direba amana. Yaro ya fara da wankin mota da ɗaurin kaya, da sa weji in an tsaya a kan tudu. Ya kwana a ƙarƙashin gingimari yana gadi. Bayan shekara biyu ko uku a bar shi ya tayar da inji da asuba, daga nan ya matsar da mota cikin tasha, har ran da maigida zai gaji a hanyar Darazo ya ce masa, zo ka riƙe. Kada kowa ya raina wannan makaranta. Ita ta fitar da mutanen da ke jin ciwon mota da kunne tun kafin makaniki ya buɗe ta. Sai dai tana da aibi guda, wato yaro yana gadon maigidansa duka, da kirkinsa da kuskurensa. In maigida mai wuce mota ne a kan kwana, haka yaronsa zai tashi, ba kuwa wanda zai gaya masa laifi ne.

A 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda kuke kira rod-sefti, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Tun daga nan dokoki suka yi ta zuwa bi da bi. A farkon 2003 aka tilasta ɗaura bel, a farkon 2009 aka tilasta wa masu babur sa hular kwano. Majalisar Tarayya ta sake wa hukumar doka a 2007, aka fito da sabon lasin mai ɗauke da hoton yatsu a 2011, sa'an nan aka tattara ƙa'idodin hanya cikin kundin 2012. A cikin ƙa'idodin nan har an hana mota mai sitiyari a dama, ragowar zamanin hagu ke nan, domin direbanta ba ya hango abin da ke tafe in zai wuce wata mota.

Yanzu ga abin da ya shafe ku, ku masu koyo, sai ku kasa kunne. Wanda bai cika shekara 18 ba, doka ba ta san shi a bayan sitiyari ba, ko da ya fi ubansa iyawa. Wanda ya cika, ba zai sami lasin na fari ba sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ya yi darasi 26, makarantar ta shigar da sunansa cikin kwamfuta, ta ba shi takardar shaida mai lamba. Muddin yana koyo, sai da takardar izinin koyo, da jan harafin nan na L a gaban mota da bayanta, da mai lasin zaune kusa da shi. Ba a koyo da fasinja. Bayan wannan sai ya je wurin jami'an duba motoci, wato bi'ai'o, su jarraba shi. In ya ci, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, ya kai kansa a ɗauki hotonsa da na yatsunsa. Daga nan za a ba shi lasin, mai shekara uku ko biyar. Tun ƙarshen 2020 kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa.

Na san abin da ke ran wasunku. Yaron da ya shekara biyar yana bin tirela tsakanin Bauchi da Legas, yaya za a ce ya koma ya zauna a aji tare da wanda bai taɓa taka kuloci ba, ya kuma biya kuɗi? Maganar tana da nauyi, ba na kuwa tsammanin waɗanda suka tsara dokar sun zauna da mutanen tasha yadda ya kamata kafin su tsara ta. Amma ku dubi inda ƙin bin ƙofar ke kai yaranmu. Wani ɗan ƙanena ya ba wani mutum kuɗi a bakin wani ofis, aka ce masa ba sai ya wahala ba, hoto kawai zai kawo. Bayan mako biyu aka miƙo masa kati mai sheƙi. Ya yi shekara guda yana aiki da shi, ran da aka tsayar da shi aka buga lambar cikin na'ura, babu sunansa ko kaɗan. Kuɗi sun tafi, mota ta kwana a hannun hukuma, maigidan ya karɓe makullinsa. Alamar kuwa a fili take: duk lasin da aka ba ka ba tare da ka je da ƙafarka an ɗauki yatsunka ba, takardar banza ce. Ran da tsautsayi ya faɗa kuma, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora da alƙali ba za su tambayi shekarun da ka yi a tasha ba, katin nan za su duba.

Sauran magana ta manyan direbobi ce, ita ce maganar gudu. Tun ran 1 ga watan Fabrairu, 2017, aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Ƙa'ida ita ce kilomita 50 a awa cikin gari. A babbar hanya irin tamu ta Jos ko ta Ningi ko ta Gombe, ƙaramar mota da tasi da bas 80 ne, tirela da tanka 50. A tagwayen hanya ne kaɗai aka yarda wa motar gida ta kai 100, motar haya 90. An ce wasu suna kai mota a kwance na'urar da dare, su mayar ran da za a duba. To, bari mu yi lissafi tare. Daga nan zuwa Jos wajen kilomita 130 ne. Mai tafiya a kan 80 zai yi awa ɗaya da minti 38. Mai taka totur har 110, in ma hanya ta bar shi, zai yi awa ɗaya da minti 11. Ribarsa duka ba ta kai rabin awa ba, ita ma zai zubar da ita a wurin jiran lodi. A kan gudun 100 kuwa, mota tana cin mita 28 cikin daƙiƙa guda. Kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka a kan burki, ka riga ka wuce tsawon bas biyar. Wanda ya san Nabordo ran kasuwa, ko ya taɓa cin karo da garken shanu suna ƙetare titi wajen Zaranda da magariba, ya san abin da mita 28 ke nufi.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiya. A 1972 hukuma ce ta bi mutane har ƙofar gida tana yi musu bayani. Yau ba a yi muku haka sosai ba, saboda haka aikin ya dawo wuyanku. Kowace tasha, daga Muda Lawal har zuwa ƙananan tashoshin bakin gari, ta rubuta sunayen yaran motar da suka cika shekara 18 kuma hannunsu ya nuna. A je a yi ciniki da makarantar da ke da rajista, a kai su rukuni-rukuni, don kuɗin mutum ashirin tare ba zai zama ɗaya da na mai zuwa shi kaɗai ba. Kafin a biya ko kwabo, a tambayi ofishin rod-sefti na jiha ko sunan makarantar yana cikin waɗanda aka amince da su. A kuma nemi a yi wa yaran darasin alamun hanya da Hausa, gama da yawansu allo suka yi, ba boko ba, kuma rashin Turanci bai taɓa hana mutum gane alamar kwana ba in an bayyana masa. Maigidan da yaro ya yi wa bauta shekara da shekaru, in ya biya masa rabin kuɗin nan bai yi asara ba, ai da ma can al'ada ce maigida ya yaye yaronsa.

Na ga malaman makarantun koyon tuƙi biyu a nan gaba. In an tashi kada su yi saurin tafiya, sakataren ƙungiya yana da takarda a hannu, za a fara rubuta sunaye yau.