Jim Thorpe da Laifin Cin Gumi

Ranka ya daɗe Hakimi, malamaina, iyayena da 'yan'uwana mutanen Guri, na gode da kuka ba ni wannan dama.

A nan fadamar kogin Haɗeja ba a mamakin yaron da ya iya wasa fiye da ɗaya. Wanda ya tuƙa kwalekwale da safe, shi zai yi langa da yamma, in kaka ta yi kuma ya ɗaura laya ya shiga filin kokawa. Shi ya sa nake ganin za ku fahimci Jim Thorpe fiye da yadda alƙalansa suka fahimce shi.

An haife shi a 1887 a yankin Oklahoma na Amurka, cikin ƙabilar Sac da Fox, ainihin 'yan ƙasa da Turawa suka tarar. A makarantar Carlisle, wadda aka gina don raba irin waɗannan yara da harshensu da al'adarsu, koci Pop Warner ya gano shi. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm ya lashe gasa mai wasanni 5, ya kuma lashe mai wasanni 10: gudu, tsalle, jifa, duka. Akwai hotonsa na lokacin, takalman ƙafarsa ba iri ɗaya ba, domin nasa sun ɓace, sai ya tsinci wari-wari ya sa.

A watan Janairun 1913 wata jarida ta tona cewa a 1909 da 1910 ya buga besbol, wasan bugun ƙwallo da sanda, a North Carolina, ana biyansa 'yan daloli. Dokar zamanin ta ce wanda ya taɓa karɓar kuɗin wasa ba ya shiga Olamfik. Aka ƙwace lambobin yabonsa. Alhali dokar gasar ta ce a kai ƙorafi cikin kwana 30, wannan kuwa sai bayan wata shida ya zo. Ɗalibai da yawa sun yi irin wasan da sunan ƙarya, shi da sunansa ya yi.

Ku dubi namu filin. Ɗan dambe ya kayar, makaɗi ya wasa shi, masu hali su fito su yi masa kari a idon kowa. Wa ya taɓa cewa ɗan dambe Shago ya zubar da girmansa don an yi masa kyauta bayan makaɗi Ɗan Anace ya kira sunansa? Waccan doka ta hana karɓar kuɗin wasa, ta masu abin hannu ce, waɗanda ba sa tunanin tuwon dare. Talaka ta kama, kuma a ganina zalunci ne tsagwaronsa.

Thorpe bai zauna kuka ba. Ya buga wa New York Giants besbol daga 1913, ya shiga Canton Bulldogs a ƙwallon Amurka a 1915, a 1920 ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, har ƙwallon kwando ya yi. Da ƙarfi ya ƙare sai leburanci da ƙananan fitowa a fim, ga giya ta yi masa illa. Ya rasu a 1953 hannu babu komai.

Sai a 1983 aka miƙa wa 'ya'yansa kwafin lambobin, amma aka bar shi yana raba matsayin da waɗanda ya kayar. A Yulin 2022, shekara 110 bayan gasar, kwamitin Olamfik ya amince shi kaɗai ne zakaran gasannin biyu.