Hoto, murya da bidiyo a shafin ƙungiya: jawabin taron Rungis

Shugabanni, yayyenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, ƙannenmu sababbin zuwa, barkanku da war haka. Ƴan Lyon da suka yi sammakon kama jirgin ƙasa, sannunku da hanya. Mu ƴan Paris ba mu da abin faɗi, kusa muke amma mu ne ƙarshen isowa.

An ce in yi magana a kan yadda za mu zuba hotuna da muryoyi da bidiyo a shafin mujallarmu ta tunawa. Shafin a kan WordPress yake, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Tun Disamba 2018, da aka kawo sabon wurin rubutu mai suna Gutenberg, sa hoto ya zama wasan yara: ka jawo, ka saki, shi ke nan. To sauƙin nan ne ke jawo ɓarna.

Wa zai buɗe shafin? Ba mu kaɗai ba ne da intanet ɗin jami'a. Akwai iyayenmu a Maradi da Damagaram da Katsina, da waya a hannu da data ta awo. A ce hoto ɗaya daga waya ya kai megabait 4. Ka zuba talatin na bikin salla a shafi guda, megabait 120 ke nan. Baba ya buɗe don ya ga ɗansa da rigar digiri, kafin fuskar ta fito data ta ƙare. WordPress na taimakawa daidai gwargwado: tun 2019 yana rage hoton da ya wuce fiksel 2560, tun 2020 kuma ba ya sauko da hoto sai mai karatu ya kusa isa wurinsa. Amma kada mu jingina da wannan. A rage faɗin hoto zuwa kamar 1600 tun kafin a ɗora. In da hali a mayar da shi WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021.

Murya ta fi sauƙi, kuma a ganina ita ce ta fi daraja. Hirar da za mu yi da tsofaffin ɗalibai, in aka bar ta a WAV, minti ɗaya zai ci wajen megabait 10. A MP3 mai kilobit 64, awa guda cur ba ta kai megabait 30 ba, kuma magana na fita tangaram.

Bidiyo kuwa, don Allah kada a ɗora shi kai tsaye a kan sabar da muke haya, zai cinye wurin. A sa shi a YouTube, a manna adireshin, WordPress zai nuna shi da kansa. Sai dai ku sani, duk wanda ya buɗe shafin, na'urarsa ta gaisa da Google ke nan, kuma a nan Turai dokar RGPD, da ta fara aiki 25 ga Mayu 2018, ba ta wasa da irin wannan. Ƴan Lyon, mafita na ƙofar gidanku: ƙungiyar Framasoft, mai mazauni a garinku, ita ke kula da PeerTube tun fitowarsa a 2018, ba talla, ba bibiya. Ni dai can na karkata.

Yanzu abin da ya fi damuna. Ga kasuwar Rungis nan kusa da mu, hekta 234, wadda aka taso da ita daga Les Halles a 1969. Rumfar kifi tun ƙarfe biyun dare take buɗewa, kuma ba akwatin da ke shiga ba tare da takardar da ta faɗi abin da ke ciki da inda ya fito ba. Mu fa? Hotunanmu sunansu IMG da lambobi. Shekara goma nan gaba, wa zai san su waye a ciki? Kowane hoto a rubuta masa rana, wuri, da dalilin taron. A cike gurbin bayanin hoto ma, shi ne abin da manhaja ke karanta wa makaho. A rubutu ku sa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ yadda ya kamata, shafin na ɗauka. A sunan fayil kawai ku guje su, don sukan rikice in an yi ƙaura zuwa wata saba.

Kafin a sa fuskar mutum, a tambaye shi. A Faransa mutum na da haƙƙi a kan hotonsa, kuma ko ba doka, akwai ƴar'uwar da ba ta so, akwai wanda ke neman aiki. Sannan hoton waya kan ɗauko bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye. Walimar da aka yi a ɗakin wani, kun ga an raba adireshinsa ga duniya. A goge wannan kafin ɗorawa.

Sai ajiya. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH a Strasbourg. Shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke, kuma wasu da kwafinsu ke wuri guda da na asali ba su sake ganin kayansu ba. Haka shafukan da suka dogara da Flash: daga ƙarshen 2020 Adobe ya janye hannu, suka zama kango. Saboda haka a riƙe hotuna da muryoyi na asali, ba waɗanda aka rage ba, a wuri uku: ɗaya wurin ƴan Paris, ɗaya a Lyon, ɗaya a kai gida.

Kalmar sirrin shafin kuma kada ta zauna a kan mutum ɗaya. Dukanmu masu tafiya ne, ni ma in Allah ya yarda na kusa kare kundina. Ina roƙon shugabanni a zaɓi mutum biyu yau, ɗaya daga kowane gari, in zauna da su bayan sallar la'asar mu buɗe wa kowa asusunsa.