Jawabi Kan Inshorar Lafiya da Maganin Haƙori

Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata mazauna Zuba, Dei-Dei, Karmo, Gwagwa da sauran unguwanni, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar haƙori, domin 'yan talla sun yawaita a kasuwanninmu, kowa da takardarsa, wai ka biya kaza a shekara a duba maka haƙori kyauta.

Da farko mu san inda muka tsaya. An ƙaddamar da shirin NHIS a 2005, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Birnin Tarayya yana da nasa shirin, wato FHIS. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana iya shiga ta shirin GIFSHIP. Kada wani ya ce mana mu baƙi ne. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garin da ya fito.

To amma jama'a, ganin kalmar haƙori a takarda ba ya nufin an ɗauke maka komai. A tsarin gwamnati ana duba haƙori, a wanke, a cike rami, a cire wanda ya lalace. Sanya wa haƙori hula, ko dasa sabo, ko faranta shi, wannan daga aljihunka ne. Haƙorin Makka kuwa ba ma sai mun faɗa ba. Kamfanoni masu zaman kansu kuma kan yanka iyakar kuɗin da za su kashe wa haƙori a shekara, wasu ma sai ka yi watanni kafin su fara biya. A nemi a ga wannan a rubuce kafin a ba da ko kwabo.

Katin rangwame daban yake. Asibiti ɗaya ne ya yi alkawarin rage maka farashi, sauran kuɗin kai za ka biya, in ka je wani wuri katin ba shi da amfani.

Magidanta, a saurara nan. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko uku sai ya biya ƙari, in ba haka ba ranar da haƙorin amarya ya tashi za a juya ta a bakin kanta.

Haka nan ba a wucewa kai tsaye wajen likitan haƙori. Asibitin da ka zaɓa ne zai tura ka, a karɓo lambar izini daga kamfanin HMO. Don haka wanda ke Zuba ya tambaya tun wuri ko Gwagwalada za a tura shi ko cikin gari. Wanda aka hana shi abin da ke cikin takardarsa, ya riƙe rasit ɗinsa ya kai ƙara ofishin NHIA.