Wa'azin Da Ya Fito Daga Bakin 'Yan Makaranta

Karatu: Yahaya 6:1-13

  

Kwanan baya, bayan an tashi daga sujada, muna tsaye a bakin majami'a tare da dattawa, muna shan ruwan leda saboda zafi. Da muka gama, muka yar da ledojin a ƙasa kamar yadda muka saba. Sai wata yarinya 'yar aji biyar ta zo ta durƙusa ta gaishe mu, ta tsince su ɗaya ɗaya. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, malaminmu ya ce akuya ba ta san bambancin leda da ganye ba." Muka yi dariya, amma dariyar kunya ce. Gama a cikin watan nan wata gwauruwa a ikilisiyarmu ta rasa akuyarta. Akuyar ta yi ta ramewa, ba ta cin abinci, har aka yanka ta. Da aka feɗe, sai ga tumbinta cike da leda. Da kuɗin akuyar nan matar take sa rai za ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta.

Muka bincika, muka tarar yaran makarantar sun kafa ƙungiya. Kowace Asabar suna tsince leda a unguwa. Kafin damina suna yashe magudanar ruwa. Kowane yaro yana da itace guda da ya dasa, ko mangwaro, ko dogonyaro, ko zogale, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yana ba shi ruwan da aka wanke kwanoni. Suna kuma yin wasan kwaikwayo don su faɗakar da iyaye. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma wani lokaci babba yana can yana hangen nesa, yaro ne yake ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafa.

Bari mu duba wurin da muka karanta. Taro mai yawa ya bi Yesu zuwa hayin tekun Galili, maza kaɗai wajen 5,000, ga yunwa. Filibus ya yi lissafi, ya ga ko dinari 200 ba zai isa ba. Lissafinsa daidai ne, amma bai ciyar da kowa ba. Andarawas ne ya lura da wani ɗan yaro mai gurasa 5 ta sha'ir da kifi 2. Dukan Bisharu huɗu sun ba da labarin wannan al'ajibi, amma Yahaya ne kaɗai ya ambaci yaron. Ba a faɗa mana sunansa ba. Gurasar sha'ir kuwa abincin talaka ce. Da abin da ke hannun ɗan talaka Ubangiji ya ƙosar da taron.

Abu na fari da za mu koya ke nan. Kada mu rena abin da yaro ya kawo. A shekarar 2007, a ƙasar Jamus, an ba wani ɗan makaranta mai shekara 9, Felix Finkbeiner, aikin yin bayani a aji a kan canjin yanayi. Cikin karatunsa ya ci karo da labarin Wangari Maathai, wata mace 'yar Kenya wadda tun 1977 ta tattara matan karkara suna dasa itatuwa, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2004. Yaron ya ce wa 'yan ajinsu, in mata sun iya, yara ma za su iya dasa itace miliyan ɗaya a kowace ƙasa. Suka fara da itace guda a harabar makarantarsu. Waɗansu makarantu suka ji, suka shiga. Cikin shekara 3 suka cika miliyan ɗaya a Jamus, a 2011 kuma yaron ya tsaya ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Da malaminsa ya ce masa ya zauna ya yi shiru, maganar manya ce, da wannan bai faru ba. Sau nawa muke faɗa wa 'ya'yanmu haka?

Abu na biyu yana ƙarshen labarin, inda yawancinmu ba mu cika tsayawa ba. Da kowa ya ƙoshi, Yesu ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace. Suka cika kwando 12. Ku yi tunani, 'yan'uwa. Wanda yake da iko ya yawaita gurasa ba iyaka, shi ne ya sa manyan maza suka sunkuya suna tsince ragowa a cikin ciyawa. Yalwa ba ta ba mu izinin ɓarna ba. In haka ne, yarinyar da ta sunkuya ta tsinci ledarmu ta fi mu kusa da halin almajirai a ranar nan.

Wani zai ce, "Fasto, ai duniyar nan mai wucewa ce, me ya kawo maganar itace da shara cikin wa'azi?" To, wanda aka ba shi aron gona ya san wata rana zai bar ta, amma wannan bai ba shi dalilin ya sare itatuwanta ya bar wa mai ita fako ba. Zabura 24 ta tuna mana cewa duniya da abin da ke cikinta mallakar Ubangiji ce. A Farawa sura 2, aikin fari da Allah ya ba mutum shi ne ya nome gonar Adnin, ya kuma lura da ita. Aiki biyu ne, nomewa da lura. Mu mun riƙe na fari mun saki na biyu. A Maimaitawar Shari'a sura 20 an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. In a fagen yaƙi an ce a ƙyale itace, ina dalilinmu a lokacin salama?

Wata kuma za ta ce, "Da me zan dafa tuwo in ba itace ba?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ba a ce kada a taɓa itace ba. A sari reshe a bar gindi. 'Yan'uwanmu na jihar Maradi a Nijar sun nuna mana hanya. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu tana nan da rai a cikin ƙasa. Sai aka fara barin toho mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran a yi makamashi da su. Da fari an yi masa dariya. Amma manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5 a Nijar. Da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci. Abin da ake nema daga nesa, ashe yana nan a gona.

Saboda haka, iyaye da dattawan ikilisiya, ga abin da muke roƙo. In ɗanka ya zo da ɗan itace daga makaranta, ka nuna masa wurin dasawa, ka taya shi yin shinge. Uwa, in za ki kasuwa, ki ɗauki kwando ko jaka, ki rage karɓar leda. Kada mu zuba shara a magudana, gama ruwan da ya rasa hanya gidan maƙwabci zai shiga, mu kuwa an umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci. Kada mu sa wa daji wuta don neman ɓera. Bayan taron zumuntar mata ko na matasa, kada mu watse mu bar harabar majami'a kamar an tashi kasuwa. Ku kuma yara da kuke jinmu, ku ci gaba, amma ku riƙa faɗa da ladabi kamar yarinyar nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da muka bushe sai an bi mu a hankali.

Mu kanmu mun sa kwandon shara a bakin majami'a tun ranar nan. Yarinyar ce take duba ko muna amfani da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ƙasa da ruwa da itatuwa da ka danƙa a hannunmu. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi da sani da rashin sani. Ka ba mu tawali'u mu karɓi gyara ko daga bakin ƙananan yara ne. Ka sa wa 'yan makarantarmu da malamansu albarka, ka tuna da gwauruwar da ta rasa akuyarta, ka ba mu damina mai albarka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.